Kafin Ka Ɗora Zarto a Kan Reshe

Ɗana, mahaifiyarka ta biyo ta nan ranar Juma'a, baki har kunne. Ta ce ka sayi injin zarto da na yankan ciyawa, ka ɗauki yara uku. Wai har ka sa an rubuta a jikin akori-kurarka cewa kana gyaran itatuwa da kula da harabar gidaje. Na yi murna ƙwarai. Allah ya sanya albarka, ya kare ka daga ƙarfen da kake riƙewa. Sai da ta miƙe za ta tafi ta rage murya. Ta ce, "Yaya, ka yi masa faɗa, hawan nan ne yake hana ni barci." Na ce mata ai babu abin faɗa, hira dai za mu yi.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To kai yanzu hawan rimi ne sana'arka, saboda haka ba zan cika baki ba. Abin da na fi ka kawai, na riga ka hawa, na kuma riga ka ɓarna. Shekara 31 na yi tsakanin gandun daji da harabar makaranta. Bari in fara da ɓarnar, don ita ta fi koya mini.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu ta da, Allah ya jiƙanta. Tana da mangwaro a tsakar gida, mijinta ne ya dasa shi shekarar da aka kawo ta. Wani babban reshe ya miƙa kan ɗakinta, da iska ta taso sai ya riƙa gugar kwano. Ta aiko in zo in cire. Lokacin ina ji da ƙuruciya, ina kuma son aiki mai kyan gani. Na yanke reshen daf da jikin uwar, na shafe wurin sumul kamar kafinta ya goge. Na kawo baƙin mai na shafa, wai kada ruwa ya shiga. Ta sa mini albarka, ta dama mini fura. Na fita ina ganin na gama gwaninta.

Bayan shekara shida na koma gidan barkar suna. Idona ya kai kan mangwaron. Wurin da na yanka ya zama kogo, hannuna ya shige har gwiwa. Ciki ya koma gari, gara ta yi gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni ne kuwa na tsaga bangon. Damina biyu bayan haka iska ta raba shi gida biyu. Allah ya taƙaita, bai faɗa wa kowa ba sai katangar maƙwabci. Tsohuwar ba ta taɓa zargina ba. Cewa ta yi kwanansa ne ya ƙare. Ni na san wanda ya rage masa kwanan.

Haka aikinmu yake, ɗana. Tela in ya ɓata ɗinki, ranar Sallah za a gani. Bakanike in ya yi kuskure, kafin a bar gari motar ta tsaya. Namu kuskuren sai ya yi shekara biyar ko goma a kwance cikin itace, mutane na zaune a ƙarƙashinsa suna shan shayi.

Sai daga baya na fahimci abin da na aikata. Akwai wani Ba'amurke masanin cututtukan itatuwa, Alex Shigo. Sunan kamar mai yi wa baƙo iso. Ya yi aiki da hukumar gandun daji ta Amurka, ya rasu a 2006. Mutumin nan ya tsaga itatuwa wajen 15,000 da zarto, don kawai ya ga yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu. Abin da ya gano ya sauya wannan sana'a a duniya. Itace ba ya warkewa irin ta mutum. Mu in mun yanke, nama yakan cike wurin. Shi kuwa katanga yake ginawa a kewayen raunin, ya killace ruɓar, ya ci gaba da girma a bayanta. Tushen wannan katangar kuma yana gindin reshe. Ka duba da kyau inda reshe ya haɗu da uwa. Za ka ga wani ɗan kumburi ya zagaye shi kamar wuyan riga. Wannan wuyan ne na shafe a gidan tsohuwa. Baƙin man da na shafa kuwa bai tsinana komai ba, danshi ma ya riƙe. Fenti ma haka yake. Ka bar wa itace rauninsa a buɗe, ya fi ka sanin yadda zai yi da shi.

Saboda haka in za ka cire babban reshe, yanka uku za ka yi masa. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga gindinsa, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farkon, har ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana nauyin reshe ya ɗaye ɓawon uwar ya yi ƙasa da shi, kamar ana fiɗar akuya. Sai ya rage ɗan guntu marar nauyi. Shi za ka cire a hankali, daidai bakin wuyan rigar nan. Kada ka shiga cikinsa. Kada kuma ka bar dungu dogo kamar maratayin hula, shi ma ruɓewa yake ya kai cutar ciki. In ka dace, bayan damina ɗaya ko biyu za ka ga sabon nama ya zagaye wurin, zobe cikakke. Har yau in na ga zoben nan a jikin itacen da na taɓa, sai in ji sanyi a raina.

Ga kuma abin da za a fi kiran ka dominsa: "Zo ka aske mana darbejiyar nan." Ka san irin askin. A sare kai gaba ɗaya, a bar kututture tsaye da guntayen rassa huɗu kamar mai roƙon ruwa. Ko'ina ka bi a Kano da Kaduna da Zariya za ka gani, musamman gab da damina. Darbejiya mai haƙuri ce, shi ya sa ake yi mata haka. Baƙuwa ce ma. Asalinta yankin Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Ta bazu har kowane gari ya raɗa mata suna, a nan dogonyaro, a can bedi, wasu su ce maina. Wanda ya je Hajji ma ya sha inuwarta a filin Arfa. In an aske ta takan yi toho, har ya fi na da cika. Mai gida ya ce, ka gani, ai ta ƙara kyau. Amma sabbin rassan nan ba daga zuciyar itacen suka fito ba. A fatar dungun suke manne, dungun kuma yana ruɓewa daga sama. Shekara uku ko huɗu, sun yi tsawo sun yi nauyi. Hadarin farkon damina ya taso da iskarsa, sai su riƙa ɓallewa. An biya ka don gudun hadari, kai kuma ka shuka haɗari.

Ka koyi ragewa. Ka fara da busassu, da masu gugar juna, da waɗanda kauci ya kama. Kauci ka san shi. Tsuntsaye ne ke shafa 'ya'yansa masu danƙo a jikin reshe, ya kafa baki yana tsotson ruwan itacen. Figewa ba ta kashe shi, sai ka yanke reshen can ƙasa da inda ya kama. Reshen da ya cika tsawo kuma, ka dawo da shi zuwa wani ƙanensa da zai gaje shi. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a zama ɗaya. In tsoho ne, ko hakan ya yi yawa. Ganyen nan shi ne madafarsa. Da ka sauko, ja da baya ka duba. In mai wucewa bai gane an taɓa itacen ba, sai dai ya ji iska ta fi ratsawa, to aiki ya yi.

Kowane itace kuma da halinsa, kamar mutane. Mangwaro cikin hunturu yake fure, don haka gyaransa sai an gama shan 'ya'yan. Ka taɓa shi a Disamba, yaran gidan ba za su yafe maka ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Kada wani ya ce maka ya mutu a watan Agusta ka yarda. Kuka jikinta ruwa ne da zare, kada ka ba ƙaramin reshenta amanar nauyinka. Turare kan yar da reshe ba iska ba hadari. In kuma ka tarar shamuwa ta yi sheƙa, ka ba ta 'yan makonni ta fitar da 'ya'yanta. Ita ce fa mai kawo mana albishir ɗin ruwa.

Wata rana za ka shiga wani gida a Nasarawa ko Bompai cikin Kano, ko tsohuwar unguwar Turawa ta Kaduna. Ga maɗaci tsaye tun zamanin mulkin mallaka, mutum biyu ba sa rungume shi. Alhaji zai nuna shi da makullin mota ya ce a kawar. Ganye na ɓata masa gilashi, tsuntsaye na yi masa kashi. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Gidansa ne, itacensa ne, kada ka yi masa wa'azi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗan matsa nan." Ka tsayar da shi a inuwar minti biyu, sannan ku fita rana. In watan Afrilu ne, ma'aunin zafi ya haura 40, ba sai ka ƙara magana ba. Ka nuna masa ɗakin da itacen ke karewa daga ranar yamma. Ka tambaye shi nawa man janareta ke ci masa a wata. Sannan ka ce za ka ɗage rassan da ke kan mota, ka riƙa turo yaro yana shara. Da yawa sukan yarda. Wanda ya ƙi, ka roƙe shi ya kwana da maganar. Itace ba ya gudu, gobe ma yana nan.

Ba na ce kada ka sare ba. Akwai itacen da saransa shi ne alheri. Wanda ya karkata kwanan nan, ƙasa ta ɗaga a bayansa. Wanda laimar kwaɗi ta fito a gindinsa. Wanda ka buga da bayan gatari ka ji yana amsawa kamar ganga. Irin wannan ko mai gida yana ƙaunarsa, faɗa masa gaskiya. Balle a makaranta ko ƙofar masallaci, inda ake shimfiɗa tabarma.

Amma ka san inda Shaiɗan yake zama a sana'ar nan? A cikin icen da aka sare. Gidan burodi na jira. Mai gawayi na jira. Masassaƙi na son turmi, mai katako na son maɗaci. Sau da yawa kuɗin icen ya fi ladan aikin. Daga nan ido ke sauyawa. Ka shiga gida ka daina ganin inuwa, ka fara ƙirga lodin akori-kura nawa ne. Reshe lafiyayye ya fara yi maka kama da mai ciwo. Na ga mutanen kirki da wannan ya ja, ba su ma san lokacin da suka koma 'yan itace ba. Ka yanka ladanka a kan guminka da saninka, yadda ko tsinke ba ka fita da shi ba ka ci riba. Maganar wa ke da icen kuma, a gama ta kafin a tayar da inji.

Ka kuma tabbata wanda ya kira ka shi ne mai iko. Ɗan haya ba ya sa a sare itace. Gidan gado kuwa, mai ba ka aiki ɗaya ne, masu zuwa da sanda bakwai ne. Itacen kan iyaka na gida biyu ne, sai ka yi sallama da maƙwabci. Na bakin titi na hukuma ne. Ka nemi izini a rubuce daga ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji, ka kuma sanar da mai unguwa. Kada ka ɗauka wasa ne. A Satumbar 2023 wasu mutum biyu suka je da dare suka sare wata bishiya guda ɗaya a arewacin Ingila, jikin tsohuwar ganuwar Rumawa. Ta haura shekara 100 a tsaye. A Yulin 2025 kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu da wata uku. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan da suka tanadar wa mai sare gawo.

Akwai wani ladabi da babu littafin Bature da zai koya maka. Wanda ya hau itace yana ganin tsakar gida huɗu ko biyar. Matan aure na wanki, wasu na kitso, wani tsoho na kewayawa. Kafin ƙafarka ta bar ƙasa, aika yaro gida-gida ya ce za a hau itace, a kimtsa. Kai kuma a sama, idonka a kan reshe. Abin da ka gani bisa kuskure, ka bar shi a can sama. Ka ja wa yaranka kunne a kan wannan fiye da komai. Mutumin da aka amince masa ya shiga gida, shi ake sake kira.

Yanzu in zo kan abin da ke hana ƙanwata barci. Injin zarto ba shi da aboki. Sarƙarsa na gudun wajen mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Wurin da ya fi mugunta shi ne saman hancin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa. Da wurin nan ya taɓa ice, injin yakan yi tsalle ya dawo fuska kafin ka ƙifta ido. Hannu biyu kullum, babban yatsa a zagaye da mariƙi. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka. Kada ka hau tsani da inji yana kuka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya. In ka ga gari kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Dakusasshiyar sarƙa ke sa mutum dannawa, dannawa kuma ke kawo zamewa. In littafin injin ya ce 50 da 1, to mililita 100 ke nan na man gauraye a lita 5 ta fetur. Kada yara su auna da ido, kada kuma su zuba baƙin mai wai don sauƙi. Araha ba ta ado.

Hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, wando mai kare ƙafa, takalmi mai hancin ƙarfe. Na san akwai zafi. Na san za a yi maka dariya. Ni da nake maka magana kunnena na hagu ya tafi, jikokina sai sun zagayo ta dama.

In za ka hau, ɗamara da igiya. Lokacin yanka kuma wuri biyu za ka ɗaure, don in zarto ya ci ɗaya, ɗayar ta riƙe ka. Igiyar ɗaure kaya ta kasuwa ba ta hawa ba ce. Wadda kake sauke rassa da ita daban, wadda ranka ke rataye a kanta daban. Kada ka taɓa hawa alhali babu wanda zai iya hawowa ya sauko da kai. Kafin ka hau ma, zauna a ƙasa ka kalli itacen na ɗan lokaci. Yaranka za su ce tsamiyar nan ko kukar nan akwai mutanen ɓoye. Kada ka yi musu dariya, ku yi bisimilla tare. Amma ka dubi kogon da kyau, ko ƙudan zuma na shiga da fita. Su ne mutanen ɓoyen da na taɓa gamuwa da su, ina can sama, babu wurin gudu. Kwana uku mai ɗakina ba ta gane fuskata ba.

Itacen da ya kusanci wayar lantarki, kada ka taɓa shi sai masu wuta sun zo sun kashe layin, ka gani da idonka. "Ai babu wuta tun jiya" ta kai mutane da yawa kabari. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Manyan layukan nan masu ƙarfin 11,000 da 33,000 ba sai ka taɓa su ba, tsalle take yi. Ɗanyen reshe kuma hanya ne gare ta.

A ƙasa ma akwai aiki. Da inji ya yi kuka, yaran unguwa sun taru. Mata da almajirai na jiran reshe ya faɗi su ruga su ja. Na ga yarinya, ba ta fi shekara bakwai ba, ta kutsa ƙarƙashin reshen da ke lilo a igiya. Don me? Don wani ɗan ice da bai isa dafa shayi ba. Har yau ina jin ihun da na yi. Ka ja igiya ka kewaye wurin. In kayarwa za a yi, a ba itacen nisan tsawonsa sau biyu. Ka ware yaro ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallo da tsawa. Ka ce wa mutane su yi haƙuri, in an gama za a tara musu ƙirare a gefe kyauta. Sai kuma ka cika alkawarin. Cikin azumi ko bazara, a hau bayan asuba, a sauko da hantsi. Yaron da ka ga idonsa ya sauya, yana aiki ba ya gajiya, ka san abin da ya sha. Kada ka kore shi da wulaƙanci, ɗan wani ne. Amma ranar nan manjagara zai riƙe.

Shara da yankan ciyawa da ban ruwa kuwa, su ne tuwonka na kullum, kada ka raina su. Sara sau ɗaya ne, ciyawa kuwa da damina kowane mako tana kiran ka. A nan ne kuma za ka ceci itatuwa da yawa ba tare da ka hau ba. Mutane na zaton saiwa can ƙasa take nutsawa kamar rijiya. Akwai mai nutsawa. Amma yawancin masu sha da shaƙar iska ba su wuce ƙafa biyu daga sama ba, kuma sukan miƙe har su wuce inuwar. To yanzu zamanin siminti ne da intalok. A shafe tsakar gida kaf har wuyan itace, bayan shekara uku a ce sammu aka yi masa. Ka roƙa masa fili a gindi, gwargwadon abin da mai gida zai iya bari. Ka hana ƙona shara a jikinsa. Maɗaci kuma masu neman magani ne ke sassaƙe masa ɓawo. Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, haka ne. Amma in sassaƙar ta zagaye jikin, an yanke masa maƙogwaro ke nan. Ka yi magana da mai gadi. Injin ciyawa mai bulalar nan ma haka yake yi wa ƙananan dashe, a riƙa cire ta gindinsu da hannu.

Ciyawa kada ka aske ta ƙwal. Rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya isa, da wuƙa mai kaifi. A tsince duwatsu kafin a tayar da inji, gilashin mota da tsada. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. A ƙosar da ita sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafin kullum. Wani zai ce yana son koren fili irin na talabijin, a unguwar da maƙwabta ke tare 'yan garuwa. Ka faɗa masa gaskiyar ruwan da filin zai sha daga Nuwamba zuwa Mayu. Ka ba shi shawarar ɗan fili kaɗan na kiri-kiri, sauran a sa itatuwa da tsakuwa. Ganyen da kuke sharewa kuma kada a ƙona. Haƙa rami a bayan gida, a riƙa zubawa da ɗan takin dabbobi da ruwa. Bayan 'yan watanni ka sami baƙar ƙasa, ka sayar wa wanda ya biya ka ka kwashe ganyen. Maganin feshi ka yi ƙasa-ƙasa da shi. Mai paraquat a ciki, wanda ke ƙone ciyawa a yini ɗaya, kurɓa ɗaya na iya kisa, kuma ba shi da makari. Kada a taɓa juye shi a robar lemo. Gidajen da kake shiga akwai masu rarrafe.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kai ba, ka fi ni lissafi. Ka je ka ga aiki da idonka kafin ka faɗi farashi. Hoton waya ba ya nuna wayar wutar da ke bayan ganye. Ka sa kwashe shara da man mota a ciki, don sauke itace rabin aiki ne. Jingar wata-wata da makaranta ko otal ta fi babban aikin yini ɗaya albarka, amma ka san wanda kake ba bashi. Bayan na yi ritaya na yi wa wani ofis aiki wata takwas. Takardar biya ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, har na sayar da babur na sallami yara. Kai ma ka sallami naka ranar da suka yi aiki, ko ba a biya ka ba. Ka riƙa ajiye wani abu a gefe, na sarƙa, da na ranar da reshe zai faɗa kan katangar wani. Ranar za ta zo, tana zuwa wa kowa. In ta zo, kai za ka fara yin sallama kafin a neme ka.

In ka sami sarari, ka tsallaka Maraɗi ka ba idonka abinci. A 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara zaɓar 'yan ƙwarara a bari, a rage sauran, a gyara su da ƙarfe mai kaifi. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya. Babu inji, babu fetur. Adda ce da lauje, da sanin wanda za a bari. Sana'arku ɗaya da mutanen nan.

Ka riƙa yawo da 'yan dashe a bayan mota. Inda ka sare, ka roƙi a bar ka ka dasa wani. Sai dai ceɗiya da durumi nesa da katanga da sokawe, saiwarsu ruwa take bi. In ka koma gidan, ka duba yaron da ka dasa. In ya fito da kai biyu, cire ɗaya da almakashi tun yana kaurin yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da almakashi zai yi yau, shi ne bayan shekara 20 zai nemi igiya da mutum huɗu.

Darbejiyar ƙofar gidana tana da rassa biyu masu gugar juna, da wani ta gabas da kauci ya kama. Gwiwata ba ta hawa yanzu. Ka zo ranar Asabar bayan asuba da zarton hannu da igiya, ka bar injin a gida. Ni zan zauna a kujera a ƙasa, ina nuna maka da sanda. Innarka ta ce za ta dama kunun tsamiya. In za ka taho, ka biya ta wurin mahaifiyarka ta ga hular kwanon a kanka.